Masaukin Baƙo A Kano: Abin Da Mutumin Kwatarkwashi Zai Duba Kafin Ya Bar Gida

Duk wanda ya tsaya a bakin titi a garin Kwatarkwashi da hantsi, a gindin babban dutsen nan da ake hangowa tun daga nesa, zai ga motocin haya suna ta wucewa daga Gusau, sun nufi Tsafe da Funtuwa, kowace a cike maƙil da mutane da kaya. Daga cikin matafiyan akwai masu tsayawa a Zariya, akwai masu zarcewa Kaduna, amma da yawansu Kano suka nufa: wani zai saro atamfa, wani ya bi buhunan wakensa da suka riga shi yin gaba, wani kuma ya ɗauko mahaifinsa zai kai shi ga likita.

A shekarun baya wannan tafiya ba ta bukatar wani dogon shiri. Ɗan kasuwa kan yi sammako tun kafin kiran assalatu, ya shiga Kano da hantsi, ya gama cinikinsa kafin la'asar, sa'an nan ya kamo hanya ya zo ya kwana a ɗakinsa ko da dare ya raba. Yanzu kuwa al'amari ya sāke. Tun da 'yan bindiga suka addabi dazuzzukan da ke tsakanin Tsafe da Yankara da Faskari, direbobi da fasinjoji duka sun daina marmarin bin hanyar da asuba ko bayan faɗuwar rana. Sai rana ta ɗaga ake tashi, kuma kowa so yake ya ƙetare wannan yanki ido na ganin ido. Wanda ya bar gida a irin wannan lokaci ba zai shiga Kano ba sai tsakanin azahar da la'asar, sa'ad da kasuwa ta fara gangarawa. Saboda haka kwana a Kano ya zama tilas, wani lokaci ma kwana biyu ko uku. To, a wace unguwa?

Tambayar ba ƙarama ba ce, domin Kano ba Gusau ba ce da mutum zai hau babur ya ratsa ta cikin ɗan lokaci. Birnin da kewayensa ya haɗa ƙananan hukumomi 8, watau Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo. Ƙidayar 2006 ta sami mutum wajen miliyan 2 da dubu 800 a cikinsu, ga shi kuma gari sai daɗa faɗaɗa yake yi ta kowace nahiya. Baƙon da ya sauka a unguwar da ba ta dace da bukatarsa ba yana iya ƙarar da rabin yininsa da rabin guzurinsa a cikin adaidaita sahu, bai ko fara abin da ya kawo shi ba.

Yadda magabata suka tsara

Mutanen da sun daɗe da yi wa wannan matsala magani. Tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ginin ganuwar Kano, kuma bisa al'ada akan rufe ƙofofin gari idan dare ya yi. Ayarin da ya makara sai ya yi zango a waje ya jira gari ya waye. Fagge ta samo asali ne daga irin wannan zango na Buzaye da sauran fataken da ke gangarowa daga arewa da raƙumansu. A cikin birni kuwa sunayen unguwanni kansu sun isa shaida: ga Zangon Barebari, ga Tudun Nufawa, ga Agadasawa, ga Ayagi ta Yarabawa, ga kuma Dandalin Turawa inda Larabawan Tarabulus da Gadamus suka zauna, domin a wancan zamani su ake kira Turawa. Kowane baƙo ya san inda mutanensa suke tun kafin ya ɗaura wa jakinsa kaya, kuma yawancin waɗannan unguwanni ba su da nisa da Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa, da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa.

Ginshiƙin wannan tsari shi ne fatoma. Fatoma ba mai hayar ɗaki ba ne kawai kamar yadda wasu matasan yanzu ke zato. Shi ne zai ba falke ɗaki ko soro ya kwana, a kawo masa tuwo daga cikin gida, ya ajiye masa kayansa da kuɗinsa, ya haɗa shi da dillalin da zai nemo mai saye. Idan cinikin na bashi ne, fatoma ne ke tsayawa, domin shi ya san mai sayen da gidansu da halinsa, baƙo kuwa bai san kowa ba. Idan mai saye ya gudu, fatoma ne zai biya ko ya zubar da mutuncinsa. Ba kuɗin ɗaki yake karɓa ba, abin da yake samu yana fitowa ne daga la'adar ciniki, saboda haka ribarsa tana ga baƙon ya ci kasuwa ya kuma dawo baɗi. Ɗa kan gaji fatoman ubansa kamar yadda yake gadon gona. Abin da Bahaushe ke nufi ke nan da ya ce da ɗan gari akan ci gari.

Wannan tsari ne Hausawa suka ɗauka suka kai duk inda fatauci ya kai su. Shi ya haifar da zanguna a Kumasi da Akara, da unguwar Sabo ta Badun wadda aka kafa a 1916, da Agege da Idi-Araba a Ikko. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Badun ya yi nazarin yadda masu masauki ke riƙe da cinikin shanu da goro, ya fitar da littafi a kai a 1969. Abin da ya gani a can shi ne dai abin da kakannin mutanen Zamfara suka saba tararwa a Kano.

Zuwan Turawan Ingila ya ƙara wa garin wasu sassa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka keɓe Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, aka ware Nasarawa da Bompai domin Turawa, Kwarori kuma, watau mutanen Sham da Labanon, suka kakkafa kantuna a gefen Fagge. Da hanyar jirgin da ta tashi daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta isa Ƙauran Namoda a 1929, sai gyaɗa da audugar ƙasar Zamfara suka ƙara ɗaure mutanen yankin da kasuwannin waje. Sannu a hankali ƙarfin ciniki ya fita daga Kurmi ya koma bayan ganuwa, masaukin baƙi ma ya bi shi.

Bukata ita ke zaɓen unguwa

Yau fatomomi irin na da sun yi ƙaranci, sai a kasuwannin hatsi da na dabbobi ake ganin ɓurɓushinsu. Kuɗi sun koma cikin waya da banki, ba a bukatar wanda zai ɓoye su a ƙarƙashin gado. Amma hikimar da ke cikin tsarin ba ta tsufa ba: mutum ya sauka kusa da bukatarsa, kuma a wurin da akwai wanda zai ce ya san shi.

A ɗauki mai sarin yadi da atamfa da shadda. Shi kam ba shi da wurin da ya fi Fagge. Daga nan da ƙafa zai shiga Kantin Kwari, da ƙafa zai leƙa Kasuwar Singa idan yana son kwalayen sabulu da taliya da sukari, Kasuwar Ƙofar Wambai ma ta gwanjo da robobi ba ta yi masa nisa ba. Amfanin wannan kusanci ya wuce rage kuɗin mota. Mai sari ba ya sayen kayansa a shago guda. Yakan tsinta nan ya tsinta can, ɗan dako yana biye da shi, kuma dole ne a sami inda za a tara kayan a ɗaure su dila-dila kafin a kai tasha. Wanda masaukinsa ke Fagge zai iya komawa sau uku a yini ya duba kayansa. Wanda ya bi araha ya kama ɗaki a can wajen gari, sai dai ya bar dukiyarsa a hannun wanda ya fara gani yau da safe. Fagge tana da cunkoso da hayaniya, ɗakunan kwananta da yawa ba na a zo a gani ba ne, ga zafi ga sauro. Amma unguwa ce da ta saba da baƙi shekaru aru-aru, masu abinci da masu shayi ba sa tashi da wuri, kuma da wuya mutumin Gusau ko Tsafe ya zauna a bakin masallaci bayan magariba bai ji harshen gida ba.

Mai hatsi kuwa lissafinsa dabam ne. Kasuwarsa ita ce Dawanau, wadda aka kafa a 1985 a kan hanyar Katsina, cikin ƙasar Dawakin Tofa, inda ake hada-hadar gero da dawa da masara da wake da riɗi da zoɓo, har manyan motoci na ɗauka zuwa Nijar da Chadi da bakin teku. Tsakanin Dawanau da tsakiyar gari akwai Mil Tara da Bachirawa da Rijiyar Lemo da Kurna, kuma duk wanda ya taɓa bin wannan titi da safe ko da yamma ya san irin cushewar da yake yi. Manomin Kwatarkwashi da ya kawo wake ya ce zai kwana wurin ɗan'uwansa a Hotoro ko Na'ibawa, to ya ratsa gari daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kuma kafin ya iso an gama cinikin safe, wanda shi ne mai albarka. A nan ne tsohon tsari ya fi saura. Dillalin da ya karɓi kayan shi ne yawanci ke nuna wa mai kaya inda zai shimfiɗa tabarma, ko a sito ko a wani ɗaki kusa da rumfa. Kwanan ba daɗi, gaskiya ne, amma mai buhu ɗari a ƙasa bai cika samun barci a katifar da ke nesa da buhunansa ba.

Sai kuma mai kawo marar lafiya, wanda shi ne ya fi kowa bukatar shawara, kuma shi ne ya fi kowa tahowa ba shiri. Idan asibitocin Gusau suka tura mutum gaba, yakan nufi Sakkwato ko Shika ta Zariya ko Kano. A Kanon ma asibitocin ba wuri guda suke ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana kan titin Zariya, maƙwabtansa su ne Gyaɗi-Gyaɗi da Hausawa da Darmanawa da Unguwa Uku. Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959, yana can wajen Gwammaja da Ƙofar Ruwa. Asibitin Murtala yana cikin birni kusa da Ƙofar Mata da Kasuwar Rimi, asibitin ido na mishan kuma, wanda ya fara aiki a 1943, yana ɓangaren Sabon Gari. Jinya ba abar kwana ɗaya ba ce. Za a ce a dawo jibi domin sakamakon gwaji, a ce a zo da sassafe a kama layin ganin likita, a aiki mai jinya neman magani ko jini da tsakar dare. Iyalin da suka sauka nesa sukan wayi gari kuɗin zirga-zirga ya cinye abin da aka sayar da akuya aka tanada domin magani. Ɗan ɗaki a bayan asibiti, ko da ya fi tsada a ranar farko, shi ne mai sauƙi idan aka kai mako biyu. Ya kamata kuma a tuna cewa yawancin masu jinya mata ne, kuma mace ba za ta kwana a barandar shago ko harabar masallaci kamar yadda namiji ke maneji ba. Kafin a tashi daga gida ya wajaba a san gidan da za ta shiga ta yi wanka, ta dafa wa majinyaci kunu.

Game da Sabon Gari, ana yawan zuguguta labarinta a ƙauyuka, har wasu na ɗaukarta wurin da mutumin kirki ba ya takawa. Wannan wuce gona da iri ne. Unguwa ce ta kasuwanci mai ɗimbin otal-otal masu sauƙin kuɗi, ga babbar kasuwar da aka sa wa sunan Muhammadu Abubakar Rimi, ga masu kayan lantarki da na gyaran mota, ga kuma tashar manyan motocin da ke zuwa Kudu. Wanda zai wuce Anacha ko Ikko washegari yana da dalilin kwana a can. Amma kuma ba a ɓoye cewa akwai mashaya da kaɗe-kaɗen dare a wasu layukan, abin da mutumin da ya fito daga jihar da ta ƙaddamar da shari'a tun 1999 bai saba gani ba. Dattijon da ya zo da iyalinsa zai fi samun natsuwa a wani wurin. Manyan otal-otal na Nasarawa da Bompai kuwa, da tsabtarsu da wutarsu da masu gadinsu, an yi su ne domin jami'in da gwamnati ko kamfani zai biya masa. Kuɗin kwana ɗaya a can ya isa ya share ribar ƙaramin ɗan kasuwa ta tafiyar gaba ɗaya.

Labarin jiya ba ya kai mutum masauki

Wani kuskure da baƙi ke yawan yi shi ne dogara da kwatancen wanda rabonsa da Kano ya yi shekara goma. Garin yana sāke kama kusan kowace shekara. An gina gadojin sama da na ƙasa a Ƙofar Nasarawa da Kabuga da Dangi da Hotoro, har wuraren da ake kwatance da su a da sun ɓace. A 2023 an rushe gine-ginen da aka yi a filin tsohon otal ɗin Daula da shagunan da aka kewaye filin Idi da su. A 2024 kuma hukumomi suka tilasta wa masu sayar da magunguna a sari su bar Sabon Gari su koma Dangwauro, can kan hanyar Zariya. Mai kemis daga Bunguɗu da ya saba sauka kusa da kasuwar Sabon Gari, yanzu ɓangaren Na'ibawa da Unguwa Uku ne ya fi dacewa da shi.

Haka nan abin hawa. Mutumin Zamfara ya saba da ɗan acaɓa a ko'ina, amma a cikin Kano an hana haya da babur tun watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Adaidaita sahu ce ta maye gurbinsa, ita ma a 2022 gwamnatin jihar ta kafa mata dokar daina aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Ga kuma ƙwacen waya da ya dami mutanen gari a 'yan shekarun nan, balle baƙon da ke tafe yana ɗaga kai yana karanta allunan shaguna. Duk waɗannan suna nuna cewa kada mutum ya bar neman masauki sai bayan isha'i. Kwanan tasha, wanda matasa 'yan ci-rani ke yi don dole, ba abin da mai ɗauke da jari zai gwada ba ne.

Ƙofar da mota za ta shigo da mutum ma abar dubawa ce. Wadda ta bi ta Funtuwa da Malumfashi da Gwarzo za ta shigo ta yamma, ta wuce sabuwar harabar Jami'ar Bayero da Rijiyar Zaki ta ɓullo Kabuga. Wannan ta yi wa ɗalibi ko mahaifin da ya zo duba ɗansa a jami'a daidai, kuma daga Kabuga ba wuya a kai Gwale da cikin birni. Wadda ta zagaya ta Zariya kuwa za ta shigo ta kudu, ta Dangwauro da kasuwar 'Yan Lemo da Na'ibawa, ta wuce kusa da Asibitin Malam Aminu Kano. Mai majinyaci a kwance da ya tambayi direba hanyar da zai bi tun a Gusau ya rage wa marar lafiyarsa wahalar sauka da hawa.

Saura maganar sauka gidan dangi, wadda ita ce zuciya ta fi karkata gare ta. Babu laifi a ciki, zumunci ne, kuma kusan kowane gida a Kwatarkwashi yana da wani nasa a Kano, ko malami ko tela ko mai gadi ko almajirin da ya girma ya yi aure a can. Sai dai gidajen birni ba su da yalwar na ƙauye. Mutumin da ke hayar ɗaki biyu da iyalinsa, idan baƙi uku suka faɗo masa ba sanarwa, kunya ce za ta hana shi magana, ba wadata ba. Kyautatawa ita ce a buga waya tun kwana biyu kafin tafiya, a faɗi yawan masu zuwa da kwanakin da za su yi, a kuma riƙo ɗan abin gona, ko tiya biyar ta wake ce ko kwanon daddawa. Kuma kada a dogara da lambar waya kaɗai. Mutanen Zamfara ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, sa'ad da aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya na tsawon makonni. Waɗanda suka yi tafiya a lokacin ba su sami damar sanar da kowa ba, kuma wanda ya san sunan unguwa da na mai unguwa da masallacin da mai masaukinsa ke salla shi ne ya isa ba tare da yawo ba. Yana da kyau a rubuta waɗannan a takarda a sa a aljihu, domin waya tana iya mutuwa ko ta bi hannun ɓarawo.

Daga ƙarshe akwai lissafin komawa, wanda shi ma yana da hannu a zaɓen masauki. Tun da ana so a wuce Yankara da Tsafe kafin la'asar ta yi sanyi, dole ne a bar Kano da safe. Gogaggun matafiya sukan tambayi direban da ya kawo su tashar da motocin Gusau ke lodi da lokacin da ta farko ke tashi, su kai dilolinsu can tun da yamma a rubuta musu suna a jiki, su damƙa wa ɗan kamashon da suka sani. Daren ƙarshe kuma sukan matso su kwana a inda tafiyar ƙafa za ta kai su tashar bayan sallar asuba, domin a samu kujera a motar farko.